Bil Ɗin Da Ba Wanda Ya Taɓa Gani: Amsa Ga Maman 'Yan Biyu

Wasiƙa

Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce mai 'ya'ya huɗu, muna haya a wani gida mai ɗakuna goma sha biyu a nan Legas, irin wanda ƙofofi ke kallon juna, kuma maigidana albasa yake sayarwa a kasuwa. Ina taimaka wa gida da sana'ar zoɓo da kunun aya da ƙanƙara, da firiza guda ɗaya. Maƙwabta sun ce shekara uku ke nan da ma'aikatan wuta suka cire mitar gidan wai ta lalace, ba a kawo wata ba, tun daga nan bil ɗin ƙiyasi ake kawowa. Wakilin mai gida, wanda muke kira kiyateka, shi ke karɓar bil ɗin ya raba mana, ba ya nuna wa kowa takardar. Da naira 6,000 nake biya, yanzu ya yanka mini 25,000 a wata, wai an mayar da layinmu Band A, rukunin da wutarsa ta fi tsada, kuma firizata ce ke shanye wutar gidan, alhali wutar ba ta kai awa goma a rana ba. Ya kuma ce akwai tsohon bashi sama da naira 900,000 da za a raba mana, mu kuwa shekararmu biyu kacal a gidan. Watan jiya an zo da tsani an yanke wutar har kwana tara, kayana suka lalace, maƙwabta kuma suka daina amsa gaisuwata. Gas ma, tukunyar kilo 6 da ke yi mini sati uku, yanzu da ƙyar take kai sati biyu. Wani abokin maigidana ya ce zai kawo yaron da zai jawo mana waya daga fol da daddare mu huta. Malam, in sayar da firizar ne, ko mu tashi?

Maman 'Yan Biyu, Legas

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya mayar miki da alherin abin da ya lalace, kuma na sakaya sunan unguwarku kamar yadda kika roƙa. Kada ki sayar da firizarki, kada kuma ku tashi tukuna, domin na karanta wasiƙarki sau biyu ban ga lamba ko ɗaya a cikinta da wani ya auna ba. Kamfani bai auna wutar da gidanku ya sha ba, kiyateka bai auna wadda ɗakinki ya sha ba, ke ma ba ki auna gas ɗin da ake zuba miki ba, kuma ba wanda ya ga takardar da ake ta faɗa a kanta. Cinikin biri a sama ake yi da ku, kuma a irin wannan ciniki wanda ya fi kowa rauni a gida shi ake shafa wa kashin kaji. A gidanku ke ce, saboda firizarki tana da girma kuma tana ƙugi kowa yana ji.

Maganar yaron da zai jawo waya daga fol, ki roƙi maigidanki ya rufe ta tun yau. Satar wuta laifi ne a ƙarƙashin dokar lantarki ta 2023 wanda zai iya kai mutum gidan yari, kuma a farkon 2025 hukumar kula da harkar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga tarar da ake ci kafin a mayar wa mutum da wuta zuwa naira 100,000 a karo na farko ga mai wutar fes ɗaya irin ta ƙananan gidaje, ban da kuɗin wutar da za a ƙiyasta ya sha. Ko ba tara, wayar da aka murɗe da hannu cikin duhu, ba fiyus ba komai, ita ce kan kama da wuta a gida mai silin katako da yara a ciki. Sannan a yanzu ke ce mai gaskiya a wannan rigima, amma ranar da aka ga wayar ta shiga ta tagarku, duk abin da kiyateka ya faɗa a kanki ya tabbata a idon maƙwabta, kuma ba ofishin da zai saurari ƙorafinki. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da za ki fara nema shi ne bil ɗin kansa, kuma ba alfarma kike roƙo ba. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta ce idan mai gida ko wakilinsa yana karɓar kuɗin wata hidima ban da kuɗin haya, dole ya ba da rasit dabam, kuma ɗan haya yana da haƙƙin a ba shi bayani a rubuce, aƙalla duk wata shida, na yadda aka kashe kuɗin. Dokar ta keɓe Apapa da Ikoyi da Victoria Island da Ikeja GRA, unguwar da kika ambata mini kuwa ba ta cikinsu. Idan kiyateka ya ci gaba da noƙewa, lambar asusun gidan kawai kuke buƙata, wadda sau da yawa tana nan a jikin bango ko a tsohon bil ɗin da wani daɗaɗɗen ɗan haya ya ajiye, kuma da ita maigidanki zai iya zuwa ofishin kamfanin mafi kusa ya nemi a buga masa tarihin asusun. Takardar za ta nuna sunan mai asusun, da rukunin da aka sa gidan, da sunan layin da taransifomar da kuke kai, da yunit nawa aka ƙiyasta muku a wata, da bashin baya, da kuma ranar da aka yi biya na ƙarshe da adadinsa. Wannan layi na ƙarshe shi nake so ki ƙura wa ido.

Ina da dalili. Shekarun baya na zauna a irin gidanku, kuma wata takwas muna ba wakilin mai gida kuɗin wuta kowane biyar ga wata, yana rubutawa a wani littafi mai jan bango da ba ya rabuwa da hammatarsa, har ranar da muka dawo daga masallacin Juma'a muka tarar an naɗe wayarmu an tafi da ita. Da muka je ofis, ma'aikaciyar ta juyo mana da fuskar kwamfutar, sai ga shi a cikin wata takwas ɗin sau uku kawai aka biya, kowanne ma rabi. Mu kuwa mun shafe watannin muna hararar wani tela da ke ɗakin ƙarshe, muna cewa dutsen gugarsa ne ya jawo mana. Ban ce wakilin gidanku haka yake yi ba, domin zato zunubi ne, kuma akwai masu riƙon amana da yawa a cikinsu da ba abin da suke samu sai zagi. Na dai ce gani ya kori ji.

Da takardar ta shigo hannu, sai a duba maganar Band A, domin ita ce ta fi kowace nauyi a aljihu. Tun 2020 aka raba layukan wuta rukuni biyar gwargwadon awannin da kamfani ya yi alkawari: Band A aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E kuma awa 4. A ranar 3 ga Afrilu 2024 aka janye tallafi daga Band A, kuɗin yunit ɗaya ya tashi daga ƙasa da naira 70 zuwa 225, aka sauke shi zuwa 206.80 a watan Mayu, sannan ya koma 209.50 a Yuli, ban da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari. Saboda haka idan da gaske an mayar da layinku Band A, ninkuwar bil sau uku ba ƙaryar kiyateka ba ce. Amma tsadar tana tafe da sharaɗi, domin umarnin da ya kawo ƙarin ya ce layin da aka kasa ba shi awanninsa kwana bakwai a jere sai a saukar da shi zuwa rukunin da ya dace da wutar da yake samu. Wanda ake karɓar kuɗin awa ashirin a hannunsa ana ba shi awa goma, an sayar masa da mudu ne an auna masa rabi.

A nan akwai wani lungu da yawancin mutane ba su sani ba. Ana ƙirga awannin ne a kan babban layin da ya fito daga tasha, ba a ƙofar ɗakinki ba, don haka idan taransifomarku ce ke da matsala, ko ana yi muku rabon kwana saboda ta yi wa unguwar kaɗan, na'urar kamfani za ta iya nuna awa ashirin cif alhali kuna cikin duhu. Maganin wannan shi ne littafi da biro. Ki sa babban ɗanki ya riƙa rubuta lokacin da aka kawo wuta da lokacin da aka ɗauke, kullum, har wata guda, kuma ki roƙi wani gida ɗaya ko biyu a layinku su yi haka, domin littattafai uku da suka yi daidai da juna hujja ce da ba a iya ture ta da baki. Idan kuma aka ce ku haɗa kuɗi ku gyara taransifoma ko ku sayi fol, ki sani cewa ƙa'idar hukuma ta ɗora wannan a kan kamfani, ba a kan unguwa ba, duk da na san mutane kan gaji da jira su haɗa.

Sai bil ɗin ƙiyasi. Ba yadda kamfani ya ga dama zai rubuta shi ba, domin tun watan Fabrairun 2020 NERC ta sa iyaka ga yawan yunit ɗin da za a iya ƙiyasta wa gidan da ba shi da mita, ana lissafa ta daga abin da masu mita na yankin ke sha, kuma ana wallafa ta a intanet. Ba kuma magana ce ta fatar baki ba, tunda a Fabrairun 2024 hukumar ta ci kamfanonin rarraba wuta goma sha ɗaya tarar naira biliyan 10.5 saboda sun wuce iyakar a cikin 2023, ta kuma umarce su da su mayar wa mutane rarar a asusunsu. Gidanku ma yana da wata hujja ta biyu wadda ta fi wannan ƙarfi. Wani umarni na 2021 ya ce sauya mitar da ta lalace ko ta tsufa aikin kamfani ne muddin ba mai gidan ne ya lalata ta ba, kuma ba a mayar da mai mita kan ƙiyasi, sai dai kafin a kawo sabuwa a caje shi matsakaicin abin da ya sha a wata ukun ƙarshe. Wannan umarni ne ya yi amfani a ƙarshen 2024, lokacin da hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, ta dakatar da shirin cire tsofaffin mitocin Unistar a Legas har sai an bi ƙa'ida. Idan za a iya samun takardar da aka bari ranar da aka cire mitarku, ko lambar mitar a wani tsohon rasit, to wani ɓangare na bashin 900,000 ɗin zai iya zama abin da bai kamata a rubuta ba tun farko.

Game da rabon bashin kuwa, shekarar da ba ku shigo gidan ba ba ta hau kanku ba. Wutar da wani ya sha shi za a bi, ko mai gidan da ya bar shi ya kwashe kayansa bai biya ba, kuma rasit ɗin hayarku na farko shi ne shaidar ranar da kuka shigo. Amma ba zan ɓoye miki ba, kamfani asusu ya sani, bai san ɗaki ba, kuma idan ya zo da tsani gidan gaba ɗaya yake yankewa. Don haka dole a yi abu biyu a lokaci guda: a ƙalubalanci adadin bashin a wurin kamfani, sannan a zauna da mai gidan kansa, ba wakilinsa ba, a raba abin da ya rage zuwa na da da na yanzu. Ki kuma lura cewa idan aka sa mita mai kati a kan asusun da ke da bashi, ana cire wani kaso daga duk katin da aka saya, wanda ya sa wasu kan sayi wutar dubu goma su ga ta dubu shida su ce mitar ce ke gudu. Gara a daidaita bashin a rubuce kafin mitar ta hau bango.

Hanyar ƙorafi tana da matakai, kuma tsallake na farko shi ke kashe yawancin ƙorafe-ƙorafe. Ana fara rubuta takarda zuwa sashen sauraron ƙorafi na kamfanin, a sa lambar asusu, a faɗi ranar da aka cire mita, a haɗa hoton bil da na littafin awanni, a nemi abu uku a fili: a kawo mita, a sake lissafin bashin bisa ƙa'ida, a kuma duba rukunin layin. A kai kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi a dawo da shi gida, domin takardar da ba hatimi a kanta tamkar ba a kai ta ba ce. Ƙa'idar NERC ta ba kamfani kwanakin aiki 15 ya warware. Ta kuma ce wanda ba shi da mita, idan yana jayayya da bil ɗin ƙiyasi, zai iya ci gaba da biyan adadin bil na ƙarshe da bai yi jayayya da shi ba har a gama bincike, kuma ba a yanke wa mutum wuta saboda bashi sai an ba shi sanarwa a rubuce. Kada ku daina biya gaba ɗaya, domin wannan ne kuskuren da masu gaskiya suka fi yi, sai ƙorafinsu ya koma maganar ƙin biyan bashi.

Mataki na gaba ya sauya a 'yan shekarun nan, kuma da yawa ba su sani ba. Bayan gyaran tsarin mulki na 2023 ya ba jihohi ikon tafiyar da kasuwar wutarsu, Gwamna Babajide Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar lantarki ta Legas a Disambar 2024, NERC kuma ta miƙa sa ido kan harkar cikin jihar ga hukumar Legas mai suna LASERC, wadda ta karɓi ragama a 2025. Ko Ikeja Electric ne ke ba unguwa wuta ko na Eko, waɗanda su ne suka gaji NEPA da PHCN a Legas tun da aka sayar da kamfanonin a Nuwambar 2013, idan kwanakin suka cika ba amsa, wurin LASERC za a ɗaukaka ƙara, a kuma aika kwafi ga FCCPC. Ku ambaci waɗancan umarni na 2020 da 2021 a takardar, tunda a ƙarƙashinsu aka tara bashin. Rigimar da ke tsakaninku da mai gida kuwa ba ta hukumar wuta ba ce. Idan Sarkin Hausawan unguwarku ko shugaban ƙungiyar unguwa sun shiga tsakani abin bai yiwu ba, ma'aikatar shari'a ta jihar tana da cibiyar sulhu ta 'yan ƙasa mai ofisoshi a sassan Legas, kyauta take aiki, kuma rigimar mai gida da ɗan haya ita ce abincinta na kullum.

Yanzu bari in faɗa miki abin da wataƙila ba za ki so ji ba. Firizar sana'a tana shan wuta, kuma ba adalci ba ne ki biya daidai da gwauron da ba shi da komai sai ƙwai ɗaya da fanka. Amma a yi lissafi a gani. Yunit ɗaya shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya, kuma kowace na'ura an rubuta wat ɗinta a bayanta ko a ƙarƙashinta. Firiza matsakaiciya wadda ake ɗura wa sabon kaya kullum ana buɗe ta ana rufewa takan sha yunit 2 zuwa 3 a rana idan wuta ta wadata, wato kamar 75 a wata, wanda a kuɗin Band A na Yulin 2024 da haraji ya kama kusan naira 17,000, a rukunan ƙasa kuwa bai kai kashi ɗaya cikin uku na hakan ba. Da wutar awa goma ma ba za ta kai nan ba. To, rishon lantarki mai wat 1,500 da aka dafa wake a kansa awa biyu ya sha yunit 3, daidai da firizarki ta yini da kwana. Hitar da ake tsomawa a bokiti da asuba, da dutsen guga, kowannensu wat dubu ne ko fiye, tsohon ƙwai mai wat 100 da ke kwana a kunne a baranda yana cin yunit guda a dare, alhali na zamani mai wat 10 sai ya yi dare goma kafin ya ci haka. Waɗannan ƙananan abubuwa ana turawa ƙarƙashin gado idan kiyateka ya zo ƙirga, firiza kuwa ba ta ɓoyuwa. Gidan da ba mita, kowa yana dafa abinci da lantarki domin a ganinsa kyauta ce, sannan a taru a kan mai firiza.

Saboda haka shawarar da za ta wanke ki ita ce ki riga kowa neman a auna ki. Akwai ƙaramar mita ta cikin gida, wadda masu gyaran wuta ke kira cek mita, ana sayar da ita a kasuwar Alaba da shagunan kayan lantarki, kuma ƙwararren mai gyara zai ɗaura ta a kan wayar da ta shiga ɗakinki cikin awa guda. Ba ta maye gurbin mitar kamfani, kuma kamfani ba ya aiki da lambarta, amma tsakanin maƙwabta ita ce alƙali. A karanta ta ranar ɗaya ga wata a gaban mutum biyu, ki biya yunit ɗinki a farashin da ke kan bil, sauran a raba. Na ga gidajen da mutum ɗaya ya fara haka, kafin shekara kowane ɗaki ya sa tasa. Mitar kamfani kuwa, idan layinku Band A ne da gaske, ku ambata a takardarku cewa a 2024 an ware naira biliyan 21 domin sa wa masu wannan rukuni mita kyauta. Idan kuma kuka zaɓi saye ta tsarin sayen mita da ake kira MAP, ƙa'idarsa ita ce a ɗaura mitar cikin kwanakin aiki goma bayan biya, a kuma mayar da kuɗin sannu a hankali ta hanyar yunit, kuma a asusun banki da kamfani ya bayar ake biya, ba a hannun wani mai rigar aiki a bakin titi ba. Sai dai ki sani mita ba ta yi wa kowa alkawarin sauƙi ba. Ɗakuna goma sha biyu da risho shida za su iya shan abin da ya fi ƙiyasin, kuma watan farko wasu za su yi kuka, amma daga ranar kowa zai fara kashe abin da ba ya amfani da shi ba tare da an yi masa wa'azi ba.

Na bar gas a ƙarshe domin shi ne mafi sauƙin ganewa, kuma mai yiwuwa ba a cuce ki ba. Kan risho ɗaya da aka buɗe sosai yana cin kusan giram 150 zuwa 200 a awa, wato kilo 6 zai ba ki awa talatin zuwa arba'in na girki. Idan kina girki awa biyu da rabi a rana, har da tafasa zoɓo a babbar tukunya, sati biyu daidai ne, kuma idan sana'ar ta ƙaru tun bara to amsar ke nan. Amma a tabbatar. A jikin kowace tukunyar gas an buga nauyinta idan ba komai a ciki, yawanci kusa da haruffan TW a wuyanta ko a gindinta. Ki ari sikelin rataye, irin wanda maigidanki ba zai rasa a kasuwa ba, ki auna ta kafin a zuba da bayan an zuba, bambancin ya zama kilo 6. Ni da na fara yin haka a wani shago da na daɗe ina saye, sai na tarar da giɓin giram ɗari bakwai, mai shagon ya dubi sikelina ya dubi nasa, bai ce uffan ba ya mayar da tiyo ya cika, kuma tun daga ranar ban sake samun giɓi ba. Wanda ya ƙi a auna a gabansa a sauya shi, kuma babbar tashar zuba gas takan fi shagon lungu sauƙi a kowane kilo, sikelinta kuma a fili yake. Idan ma'aunin ya cika, sai ki shafa ruwan kumfar sabulu a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo, duk inda kumfa ke tasowa yoyo ne, a sauya tiyon ko robar bakin a ranar. Wuta mai launin ɗorawa da ke baƙanta gindin tukunya alamar kan rishon ya toshe ne yana ɓarnar gas, shuɗiya ake so. Gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, don haka kada tukunyar ta kwana a ɗakin da yara ke barci a kan tabarma.

Kada tsadarsa ta sa ki koma rishon lantarki da zarar an sa mita. Kilo ɗaya na gas yana ɗauke da zafin da ya kai kusan yunit 13 na lantarki, kimanin rabinsa ke shiga tukunya, kuma kafin rishon lantarki ya yi wannan aiki sai ya ci yunit tara zuwa goma, wato sama da naira 2,000 a farashin Band A na Yulin 2024. Ƙaramin janareta ma, tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, ya zama mafi tsadar wuta a gari, domin lita ɗaya da ƙyar take ba da yunit biyu, ga hayaƙinsa da ke kashe mutane cikin barci idan aka kunna shi a lungun gida, kamar dai garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Abin da ke rage gas shi ne a jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a rage wuta da zarar an tafasa, zoɓon kwana biyu kuma a dafa shi a tashi ɗaya. Firizar ma a bar zoɓon ya huce sarai kafin a sa shi, a janye ta daga jikin bango kamar taƙi guda, a kuma gwada robar murfinta da takarda: idan aka rufe a kanta ta zare ba wuya, robar ta saki.

Maganar maƙwabta ba sai kin jira kamfani ba. Ki fara da matar da kuka fi shiri kafin wannan rigima, ko Bayarabiya ce ko 'yar ƙabilar Ibo, ki kai mata gorar zoɓo mai sanyi, ki ce mata kin yarda a ɗaura miki mita ki biya duk abin da ta nuna, kuma kina so ku ga bil ɗin tare, domin ita ma ba ta taɓa ganinsa ba. Maigidanki kuma ya samu mazan gidan bayan isha'i ko ranar Lahadi da yamma, ya nemi a kira taro da mai gida, kuma ranar taron kada a fara da zargin kiyateka a gaban jama'a, a bar takardar tarihin asusun ta zagaya hannu-hannu kowa ya haɗa da abin da ya biya. Takardar ƙorafin kuma a sa hannun duk ɗakunan da suka yarda, ko da bakwai ne cikin goma sha biyu, tare da na mai asusun idan ya amince. Idan kin samu bil ɗin, ki ɗauki hotonsa gaba da baya ki turo mini tare da shafukan littafin awanni na sati biyun farko, zan duba rukunin da yunit ɗin da aka rubuta muku, mu ga nawa ne ainihin rabon ɗakinki.